Abokiyar Hanyar Goggo

Mun tashi daga Sakkwato liman yana sallame sallar asuba, ni da ƙanwata da direban da muka ɗauka shata. Aikin da aka ɗora mana gajere ne a baki: mu je wani ƙauye ta wajen Kurawa, can bayan Sabon Birni, mu ɗauko Goggo, yayar mahaifinmu, mu kawo ta birni kafin damina ta kankama koramu su cika su datse hanya. In ba ta fito yanzu ba sai bayan kaka. Duk wanda ya san halin da gabashin jihar nan ke ciki ya san tsakanin shuka da kaka lokaci ne mai tsawo ga tsohuwar da yanar ido ta fara rufe wa gani. An yi taron dangi, aka duba aka ga ni ne malamin makaranta, aka ce ai magana sana'ata ce. Ban musa ba. Na dai manta in tuna musu cewa masu saurarena a aji ba su da inda za su je sai an kaɗa ƙararrawa.

An sha aika mata saƙo ta hannun direbobi, domin ba ta riƙe waya, ƙauyen kuma ba sabis. Amsar kullum ɗaya ce: ƙullin daddawa da gaisuwa. Abin da ya tayar wa dangi hankali a wannan karon shi ne labarin da ya iso cewa mutanen ƙauyen sun daina kwana a gidajensu saboda 'yan bindiga. Da duhu ya yi sai mata da yara da tsofaffi su taka zuwa wani gari da ke bakin titi su kwana, da safe su koma. Babban yayanmu, wanda ya fi mu kuɗi ya kuma fi mu murya, shi ya tsara dabara. Ya ce tunda da ƙafarta take zuwa bakin titi, ba sai an yi gardama ba. Mota ta jira a can, da safe a ce mata za a kai ta asibiti a duba ido, in ta shiga kada a tsaya sai ƙofar gida. Dabarar ba ta kwanta min ba, amma ban kawo wadda ta fi ta ba, don haka na yi shiru, aka ɗauki shirun a matsayin amincewa.

Akwai abin da ya kamata in faɗa tun yanzu, domin shi ya yi ta bina har na dawo. A satin da za mu tafi na koyar da darasi kan dare a adabi. Na nuna wa ɗalibai yadda marubuci, in ya rasa yadda zai yi da jaruminsa, yakan fitar da shi waje bayan isha'i. Wanda budurwa ta ƙi, da wanda ya ɓata da mahaifinsa, da wanda kasuwa ta juya wa baya, duk sai su bi titi ko bakin gulbi, iska ta kaɗa, wata ya leƙo, su dawo zuciya ta yi sanyi. Na ɗauki alli na rubuta da manyan baƙaƙe cewa tafiyar dare magani ce. Wata ɗaliba ta ɗaga hannu ta ce, "Malam, kai ka taɓa yi?" Na duba agogo na ce lokaci ya ƙure.

A Achida muka karya da koko da ƙosai. Kuɗin ƙosan ya yi ƙiba, shi kuma ƙosan ya rame, har ƙanwata ta ɗaga guda ta ce a kai shi awo. Daga nan titi ya miƙe, wani wurin sumul, wani wurin ramuka sun haɗa kai sun zama rami ɗaya. Shingayen jami'an tsaro suna nan jefi-jefi, a leƙo, a tambayi inda za mu, a ɗaga hannu. A Goronyo warin albasa da tafarnuwa ya riga garin isowa. Muka sayi soyayyen kifi a takarda, direba ya shiga tasha neman labarin hanya, ni kuma na bi shi don in ƙaru. Ban ƙaru ba. Wani ya ce hanya lafiya lau, yanzu ya fito. Wani ya ce a jira motoci su taru a tafi tare. Na uku ya ce in shi ne, baya zai koma ya zagaya ta Isa. Dukkansu sun rantse. Direbanmu ya saurari kowa, ya gode wa kowa, sannan ya bi bayan wata motar taki da ta fita ba ta tambayi kowa ba. Na nemi hujja, ya ce, "Malam, mai taki ba ya wasa da kayanai." Na karanta mantiƙi daidai gwargwado, amma ban sami babin da wannan ya faɗa ba.

Bayan Goronyo sai direba ya kashe rediyo, hira ma ta mutu da kanta. Duk motar da ta taho sai su yi wa juna alama da fitila da yatsu, wani yare da ban iya ba. Gonakin bakin titi an shuke su, gero ya fito tsawon yatsa, kore shar a kan jan rairayi. Waɗanda ke nesa da titi kuwa sabara ta fara cinye su. Mun wuce ƙauyuka masu rumbuna tsaye da ɗakuna tsaye, babu hayaƙi, babu ko akuya. Ƙanwata ta ciro carbi. Ni na riƙe kifina ban ci ba.

Sabon Birni ta ƙara rikita ni, domin na shigo da fuskar jaje na tarar da kasuwa tana ci. Ga 'yan Nijar da rawunansu ana cinikin sefa da naira, ga dattawan Gobirawa da zanen fuskarsu suna musu kan kuɗin buhun taki kamar duniya ba ta da wata matsala. Na sha furar da ban sha irinta ba tun ina yaro, geron ya ji daka, nonon bai ga ruwa ba. Na tambayi mai furar yaya zaman gari, ta ce, "Lahiya lau, sai abin da ba a rasa ba." Na lura duk wanda na tambaya haka yake cewa, kuma ba wanda ke kiran mutanen dajin da suna. Sai dai a ce "su", a ɗan karkata haɓa gabas.

Direba ya kai mu garin bakin titin ya ja birki, ya ce nan iyakarsa. Zai jira har hantsin gobe, daga nan ko da mu ko ba mu zai juya. 'Yan kabu-kabu suka ƙarasa da mu ta cikin gonaki, suka sauke mu suka juya ko ruwa ba su sha ba, domin a yankin ba a tayar da babur in la'asar ta yi sanyi. Ƙararsa a wannan lokaci ma'anarta ɗaya ce: mutanen dajin sun taho.

Mun tarar da Goggo a tsakar gida tana zaɓen irin wake da yatsu. Ta shafa fuskata, ta shafa cikina, ta ce, "Ashe boko na biya." Ta rungume ƙanwata suka yi ɗan kukansu. Ba mu gama gaisawa ba aka ajiye mana tuwon dawa da miyar kuka. Na duba rana na ga tana sama, na ce ai mun ci kifi, sai dare. Ta ce, "Wanga shi na tuwon dare. Ci." Nan na gane an matso da komai gaba. Ana cin abincin dare da la'asar, a rufe kaji tun suna gardama, a kashe wuta kafin magariba don kada hayaƙi ko haske ya nuna akwai mutane.

Duk da dabarar babban yaya, na ga ya kamata in fara gwada gaskiya, ko rabinta. Na gyara zama na kawo hujjoji a jere kamar mai amsa jarrabawa: lafiyarta, idonta, hankalin dangi, ɗakin da aka gyara mata har da fanka. Ta saurara har ƙarshe, tana ta zaɓen wakenta. Da na yi shiru ta ce, "Ka gama, Malam?" Na ce na gama. Ta ce, "To ɗauki tabarmar can, kai za ka riƙa ta." Na yi ta ɗaga waya sama ina neman sabis don in kai rahoto, ban samu ba, har matan gidan suka riƙa yi min sannu kamar mai ciwo.

Bayan sallar magariba, da duhu ya fara kauri, aka taru a gindin wata tsamiya a bakin gari. Ba a fita da sauran haske, don kada mai hange daga nesa ya ga ƙauye yana zubewa. Mazan da ke da ƙarfi sun warwatsu cikin gonaki, can suke kwana, sai dattawa kaɗan ke rakiya. Abin da ban taɓa karantawa a ko'ina ba shi ne yadda suke jeruwa. Kowace mace tana da abokiyar hanya tata ta kullum. Ɗaya ta riƙe gefen mayafin ɗaya, ba a tashi sai kowa tata ta iso, in taka ta tsaya ka tsaya. Kuma ba a haɗa mai sauri da mai nawa, sai a haɗa masu tafiya iri ɗaya, don kada wata ta zama nauyi a kan wata. Abokiyar Goggo wata yarinyar maƙwabta ce mai tsohon ciki, irin cikin da in ka gani sai ka matsa gefe ka yi addu'a. Mijinta yana leburanci a Sakkwato, tana zaune da uwar miji. Tsohuwa da mai ciki, tafiyarsu ɗaya, su ne wutsiyar layi.

Aka karanta mana dokoki a raɗa. Ba a kunna tocila. Ba a kiran sunan kowa. Silifa mai ƙara a cire a riƙe a hannu. Takalmina na zuwa makaranta ya yi ƙiiƙ sau ɗaya, wani dattijo ya juyo, na cire shi na rataya a wuya. Goggo ta kamo gefen mayafin ƙanwata ta danƙa min ta ce, "Ku biyu ku ji da junanku." Maganar waya ba wanda ya yi min, domin duk sun ga na wuni ina jinyarta, sun ɗauka ta mutu.

Ba wata a daren. Wannan ne saɓani na farko tsakanina da littattafai, waɗanda wata ba ya taɓa yin fashi a cikinsu. Duhu ne irin wanda kake ɗaga hannu ka rasa shi. Da farko tsoro ya hana ni jin komai. Can sai ƙafa ta fara sabawa da rairayi mai sanyi, ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa ya taso, kwaɗi suna ta karatunsu a wani tafki, taurari kuwa kamar an watsa gero a kan baƙin zane. Sai na fara jin wani abu kamar iska a cikin ganye, ashe hira ce. Layin nan tun daga kai har wutsiya raɗa ake yi. Ana maganar wadda surukarta ta hana ta gishiri, da wanda ya sayar da jakinsa ya sayi rediyo, da maganin kaikayin ɗan yaye. Wani abu ya taɓa hannuna, na kusa ihu, ashe aya ce ake miƙowa hannu da hannu daga gaba.

Na rasa sunan da za ni ba abin da nake ciki. In gudun hijira ne, me ya kawo aya? In yawon shan iska ne, me ya sa uwar da ke gabana ta ɗora tafin hannu a bakin goyonta tun da muka tashi? Muryar Goggo ma ta canza. Da rana muryar tsohuwa ce mai tari, a nan kuwa har 'yar dariya take yi ta hanci, tana tsokanar mai cikin wai ɗan da za ta haifa zai fito da kan mahaifinsa, Allah ya ba ta haƙuri. Lokaci-lokaci numfashin yarinyar yakan yi nauyi. Kafin ta ce komai sai Goggo ta tsaya ta ce, "Gwiwata ta ce a dakata." Mu ma sai mu dakata. Na lura gwiwar ba ta taɓa ciwo sai numfashin ya yi nauyi.

Muna hawa wani ɗan tudu sai aljihuna ya kama da wuta da kiɗa. Daga baya na ji cewa nan ne kaɗai sabis ke sauka a duk yankin, nan mutanen ƙauyen ke zuwa da rana su yi kira, kuma ko yaron goye ya san ana kashe waya kafin a iso shi da dare. Saƙonnin wuni guda suka shigo a guje, sannan kira ya biyo baya. Kafin in kifta ido layin nan gaba ɗaya ya ɓace, kowa ya zube ƙasa bayan sabara. Ni kaɗai na rage a tsaye, ina haske kamar shagon caji. Ƙanwata ta fizgo ƙafata na faɗi. Ina laluben inda ake kashewa, yatsa ya danna inda ake amsawa, ya ƙara da inda ake buɗe murya. Sai ga babban yaya a tsakiyar dajin Gobir:

"Kai, tun ɗazu nake nema! Ka dai sa ta mota da safe, ka ce mata asibiti. Kada ka tsaya jin ta bakinta, ka san halin Goggo!"

Na danne wayar da ciki har ta yi shiru.

Ban san tsawon lokacin da muka yi a kwance ba. Kowa ya kasa kunne yana jiran ƙarar babur ko amsar wani haske daga daji. Wani jariri ya fara kuka aka toshe shi da nono. A nan na san abin da na yi ba abin dariya ba ne, ko da za a yi masa dariya daga baya. Can wani dattijo ya yi ɗan gyaran murya, aka fara tashi ɗaya bayan ɗaya. Mai cikin ce ta kasa. Ashe da aka zube ƙasa bisa ciki ta faɗi, sai da Goggo da ƙanwata suka ɗaga ta, ta daɗe a durƙushe tana cije leɓe. Layin duka ya tsaya, ba wanda ya ce a yi sauri.

Da aka ci gaba da tafiya na jira faɗa, bai zo ba. Abin da ya zo ya fi faɗa. Mayafin da ke gabana ya fara rawa, na gabansa ma haka. Dariya ce marar sauti take bin layi, ana miƙa ta kamar yadda aka miƙo aya. Goggo ta ce, a raɗa, "Wanga babban naku, tun yana ƙarami bai iya asiri ba." Ta ɗan taka kaɗan ta ƙara, "Ashe asibiti za a kai ni."

Na matso kusa da ita na ba da haƙuri, na ce tsoro ne ya sa mu. Na ce, Goggo, wace irin rayuwa ce wannan, mutum da shekarunki kullum a hanya cikin duhu?

Ta ce, "Ka san rabona da in taka ƙasa da dare? Tun ina budurwa, muna zuwa dandali. Anka kai ni ɗaki, shi ke nan, dare ya koma abin da nika ji ta bayan danga. Na haihu, na binne, na tsufa. Sai yanzu da ido ya tafi anka buɗe min ƙofa. Taurarin ma ba ni ganinsu, wagga ka gaya min inda suke." Ta ɗan ja mayafin yarinyar. "Waccan shekara da na zo gidanku kun ba ni ɗaki da fanka, kun hana ni ko tsinke. In kwanta in ta saurare har asuba, ban san mi nika saurare ba. Tsoro na nan, ban ce maka babu ba. Amma cikin ɗaki ni ɗai shika ci. Nan kowa na ɗaukar kaɗan."

Na ce, in wani dare abin ya zo da gaske fa?

Ta ce, "Ya taɓa zuwa."

Mun shiga garin bakin titi mutane sun fara barci. Wasu suka nufi zaurukan dangi, saura aka buɗe musu azuzuwan wata firamare. Ni da dattawan aka ba mu aji guda, na shimfiɗa tabarma daidai ƙarƙashin allo, wurin da na saba tsayawa ban taɓa kwanciya ba. Ta tagar ajin da ke kusa na jiyo minsharin Goggo tun kafin in gama karkaɗe ƙafa. Ni ban runtsa ba. Na kwana ina shirya sabon jawabi, wannan karon ba ƙarya a ciki.

Da gari ya waye direba ya tayar da mota yana duban rana. Sai ga Goggo ta nufo mu da ƙullin kaya a ka, zuciyata ta yi fari. A bayanta mai cikin ce, da uwar mijinta tana share ido. Goggo ta laluba ta sami ƙofar mota, ta ajiye ƙullin a kujera, ta kamo hannun yarinyar ta zaunar da ita.

"Kun ce asibiti," in ji ta. "Ga mai asibiti. Ba ni so a ce ɗiyan ƙanena maƙaryata na. Ku kai ta ga mijinta, a duba ta, jiya ta faɗi bisa ciki."

Na ce to madalla, ai akwai wuri, ke ma shigo, tunda abokiyar taki ta tafi ba abin da ya riƙe ki. In wuri ne ma ni za ni bi motar haya. Ta nuna wata tsohuwa mai sanda da ke tsaye nesa kaɗan, ta ce abokiyar waccan ta bi 'ya'yanta Maraɗi, kwana da kwanaki tana bin layi ita ɗai kamar marainiya. "Tun da asuba na ba ta gefen zanena."

Jawabin da na kwana ina shiryawa ya tashi a banza. Ƙanwata ta durƙusa tana kuka tana roƙo. Direba ya leƙo ya ce, "Malam, rana na yi." Na tsaya tsakanin mota da tsohuwa, na rasa wanne ne daidai. Ƙarfin ɗaukarta ina da shi, nauyinta bai kai buhun gero ba. Na dubi hannuna na dubi fuskarta, na san ba za ni iya ba. Ta shafa kaina ta ce, "In gero ya shiga rumbu ku aiko. In na ga dama." Ta ɗora min ƙullin daddawa. Muna kallo suka kama hanyar komawa, da rana ba a jeruwa, amma ita da mai sandar suna riƙe da juna, su ne na ƙarshe.

A dawowa labarin tasha ya juye, aka ce ta Goronyo ba daɗi, sai muka zagaya ta Isa. Mun haɗu da 'yan kasuwa a kan babura sun nufi Bafarawa da awaki ɗaure a baya, mun wuce mararrabar Turba, mun tsaya a Isa muka saya wa baƙuwarmu masa da ruwan leda. A kan gada na leƙa na ga ruwa ya fara ja yana ɗaukar kumfa. Direba ya ce saura ruwan sama kaɗan koramun ƙauyuka su rufe. Duk ramin da muka faɗa sai mu juya mu dubi yarinyar gaba ɗaya, ita kuma ta ce, "Ba komi." Kalmar da ta faɗa ke nan har Sakkwato.

Mun iso bayan la'asar, dangi sun cika ƙofar gida. Babban yaya da kansa ya buɗe ƙofar baya yana cewa, "Goggo, sannu da hanya," sai ya yi ido biyu da ciki wata tara. Ya dube ni, ya dubi direba, ya sake duban cikin. A karo na farko a rayuwata na ji ya yi magana a hankali: "Wace ce wannan?" Na ce abokiyar hanyar Goggo ce. An kai ta asibiti a daren, aka ce ita da abin da ke cikin lafiya, aka nemo mijinta. Ni kuwa har yau ana taro a kaina. Wasu sun ce na yi sakaci, wasu sun ce da su ne da sun ɗauke ta cak. Ba na musu, domin ni ma wani lokaci ina bayansu.

In aka tambaye ni abin da tafiyar ta koya min, ba ni da amsa mai tsabta irin ta allo. Na koma kan littattafan nan na lura da abin da ban taɓa lura da shi ba: mai tafiyar dare a cikinsu kullum namiji ne, kullum shi kaɗai, da son ransa ya fita, kuma yana da tabbacin zai tarar da gidansa inda ya bar shi. Ba wanda ya rubuta wadda ke riƙe da gefen mayafin wata. Jimlar da na rubuta wa ɗalibai ban goge ta ba, domin na ga wadda maganin ya yi wa aiki da idona. Abin da za ni rubuta a ƙarƙashinta ne ban sani ba. Ɗalibar nan ta sake tambaya, na ce na yi sau ɗaya, takalmi a wuya.

An yi ruwa mai ƙarfi a satin nan, direbobi sun ce koramar ƙauyen ta kawo, daddawa ma ta daina zuwa. Yanzu in na idar da isha'i ba na iya zama a ɗaki. Sai in kashe waya in fita in yi ta zagaya unguwa a hankali, tafiyar wutsiyar layi. Maƙwabta sun yanke cewa likita ne ya ce sukari ya kama ni, har ana ba ni shawarar ganyaye. Na bar su a haka. In na ƙiyasta su Goggo sun wuce tudun nan lafiya, sun shiga gari, an shimfiɗa tabarmi, sai in juyo gida in kwanta.